Ranar da Ƙarfe Ya Shiga Baban Asiya

Mun sauka Alƙahira da hantsi, ni da maigidana, da jaka biyu da ƙullin kuka da daddawa da na cusa cikin zannuwana. Mutumin da aka ce zai tarbe mu bai zo ba. Muka zauna bisa jakunkunanmu a bakin ƙofar filin jirgi har rana ta karkata, masu tasi na zuwa suna yi mana wani Larabci da bai yi kama da wanda na koya a Islamiyya ba. Baban Asiya na zaune gefena, ya tallabe gwiwar hannunsa na dama da na hagu kamar mai riƙon jinjiri. Tun bara haka yake riƙe da shi.

Mijina mahauci ne, ɗan mahauci. Rumfarsa tana kasuwar Mafara, shanu kuma shi ke zuwa Maradun da ƙafarsa ya zaɓo. Ciwon daga wuya ya fara, ya sauko kafaɗa, ya bi hannu. Da fari gatarin sarar ƙashi ya gagare shi ɗagawa, daga baya wuƙa ta fara suɓuce masa. Sai ƙanensa Sani ya karɓi rumfar, wai kafin ya warke. Abin da ya fito da mu daga gida ke nan, hannun nan ya koma ya riƙe wuƙa. Ba mu da wata buƙata a Masar bayan ita.

Akwai abin da dole in faɗa, in ba haka ba ba za a gane sauran labarin ba. Baban Asiya ya sha maganin ƙarfe, abin da ake ce wa tauri. Yana saurayi mahaifinsa ya kai shi Tsibiri, garinsu na asali, ya dafa masa da hannunsa, ya ce daga ranar ƙarfe ba zai huda fatarsa ba. Da wannan ya girma. Yakan yanka nama yatsunsa na hagu na manne da kaifin wuƙa, idonsa na kan mai saye, bakinsa na ba'a. Mutane kan tsaya kallo ko ba sa saye. Bai taɓa yarda an yi masa allura ba. Da ciwon ya tsananta muka kira wanzami ya yi masa ƙaho, ya ce wa mutumin kada ya ɓata askarsa, ya sallame shi da goro. Makarin maganin kuwa, a faɗarsa, tsohon ya tafi da shi kabari.

Ni ban taɓa son abin ba. Malamarmu ta Bakura ta sha gaya mana cewa tsari na Allah ne shi kaɗai. Kuma ina da ido. Akwai ƙananan tabbai a yatsunsa, wasu ni na wanke su da ruwan gishiri. Kullum sai ya ce, "Ƙashi ne, Saratu. Tsinin ƙashi ya karce ni." Nakan ce, "To, Allah ya sauwaƙe." Amma a sujada na daɗe ina roƙon Allah ya cire masa wannan abu daga zuciya kafin mutuwa ta same shi a kai.

Bai yarda da Masar ba sai da dillalin da ya shirya mana tafiyar ya rantse masa cewa da na'ura ake aikin, ba yanka, ba suka.

Dillalin, Alhaji Tanimu, ya iso da la'asar yana ƙamshin turare, waya biyu a hannu. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce, "Kun sha hanya, Hajiya! Maigida, ai ka warke, ka gama warkewa." Ya kai mu wani dogon bene, ɗaki can sama, na'urar hawa benen ta lalace, sai matakala. Tagar na kallon bangon wani benen. Ban taɓa zama inda ba na ganin ƙasa ba. Da safe nakan leƙa in nemi ko akuya guda, ba komai sai shanyar mutane da ƙarar mota.

Kwanakin farko yawo muka yi. Yau nan, gobe can. A sa shi cikin wani abu mai kama da rami a ɗauki hoton wuyansa, a ba mu takardu, Alhaji Tanimu ya karɓa ya ce, "Gobe sai babban likita." Duk inda muka je shi ke shiga ciki, shi ke fitowa ya faɗi abin da za a bayar. Ranar da ya ga jakar kuɗinmu ta yi sauƙi, ya ce zai je ya dawo. Wayoyin nan biyu duk suka daina shiga.

Muka zauna. Baban Asiya ba ya son fita, don a kan titi mutane na bangazar kafaɗar. Ni kuma ban san ko sunan unguwar ba. Gurasarsu na saye a ƙasan bene ta hanyar nuni da yatsa. Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, ta fi yi masa nauyi. Tun asuba zai ce, "Yanzu an kai su mayanka." Can anjima, "Yanzu Sani na rataye cinya. Bai iya ratayar ba, a karkace yake sa ta." Sai ya juya fuska bango.

A irin wannan rana na ce bari in kaɗa miyar kuka, ko ransa ya yi sanyi. Babu garin dawa, da shinkafa na tuƙa tuwo. Miyar na tafasa na ji ana buga ƙofa, da muryar mace tana cewa da Hausa, "Salamu alaikum! Wace baiwar Allah ce ke sa daddawa a gidan nan?"

Na buɗe, na ga dattijuwa doguwa cikin lafaya, tana haki saboda matakala. Ban san sa'ad da na rungume ta ba. Sunanta Hajiya Nafisa. Kakanninta suka bar ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka tsaya Sudan, yaƙi kuma ya koro ta nan. Ba ta taɓa ganin ƙasarmu ba, amma warin daddawa ya hawo da ita daga hawa na ƙasa. Ta ci tuwon nan da hannu tana hawaye tana dariya. Da ta ji labarin dillali ta ce, "Malesh, yi haƙuri, ƙanwata. Ba ku ne farko ba. Ku bar shi da Allah." Sannan ta dubi yadda maigidana ke riƙe da hannu, ta ce akwai wurin gashin ƙashi inda aka yi mata aikin baya, gobe ita za ta kai mu.

Wurin ƙarami ne, da gadaje masu rami a wajen kai. Likitan gashin mutum ne mai sanyin magana. Ya duba hotunan, ya sa Baban Asiya ya tuɓe riga, ya riƙa bin kafaɗar da babban yatsa. Da ya zo wani wuri ya danna, mijina ya zabura ya ce, "Wayyo! Nan ne, har cikin yatsu!" Likita ya yi bayani, Hajiya Nafisa na juya mana. Ta ce naman wurin ne ya ɗaure ya yi ƙulli, saboda shekarun sara da ɗaukar nauyi, kuma ƙullin ne ke aika zafi ƙasa. Za a kwance shi da allura.

Ya buɗe wata 'yar takarda ya fito da ita. Siririya ce ƙwarai, kamar gashin wutsiyar doki, ba ta da bututun ruwa.

Baban Asiya ya ce, "Hajiya, tambaye shi, ina maganin?"

"Ya ce ba magani. Busasshiya ce. Ita kanta allurar ke taɓa ƙullin ya saki."

Ya yi dariya, ta farko tun saukarmu. "Saratu, kin jiya? Munka baro Mafara, munka ƙetare hamada, don a soka man allura wofi. Ko mai kemis na bakin tasha ya fi su tausai, shi yana zuba ruwa ciki."

Hajiya Nafisa ta ce, "Ni an yi mani, Alhaji, ga ni ina hawa bene."

"Ke daban, Hajiya. Ni ba ta shiga. Gaya mashi kada ya wahal da kai nai. In ya matsa ta karye, ba ruwana."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ban san me ta faɗa wa likitan ba, na dai ga ya yi murmushi ya ce duk ran da muka shirya mu dawo.

Muka koma ɗaki, ciwo ya ci gaba da cinsa. Ko cokali da hagu yake ɗauka. Rannan bayan azahar Sani ya aiko da saƙon murya, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Yaya, kada ka yi gaugawa. Kasuwa lahiya lau, mutanenka duk sun saba da ni." Baban Asiya ya saurara, ya sake saurara, ya kife wayar.

Na matso na zauna ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baban Asiya, in yi magana?"

"Yi."

"Ba mu da kowa a garin nan sai matar nan. Na'urar da aka yi mana alkawari babu ita. In allurar ba ta shiga ba, me ka rasa? In kuma Allah ya sa sauƙinka a cikinta fa?"

"Kina son ki ga an kunyata ubana."

"Ina son in ga ka ɗaga hannu ka yi kabbara."

Ya dubi hannun, sannan ya ce, "Mu tai. In ya ga ta lanƙwashe da ido nai, shi fiddo abin da yake ɓoyo."

Ya kwanta rub da ciki, fuskarsa cikin ramin gado, ba ya ganin komai sai ƙasa. Ni ina tsaye wajen kafaɗarsa. Likita ya goge wurin da auduga, ya tsunkuli naman tsakanin yatsu, ya ɗora allurar, ya ɗan buga kanta. Ta shige. Wallahi kamar tsinke cikin tuwo mai zafi. Ba jini, ba komai. Ya ɗauko wata ya sa kusa da ita.

Daga cikin ramin na ji muryar mijina, cike da nishaɗi. "Hajiya, ya gani ko? Ce mashi ya bari haka nan, kada ya ɓata kayan aiki nai."

Likita ya kama ta farkon ya ɗan motsa ta ciki, sama da ƙasa. Sai naman kafaɗar ya yi tsalle shi kaɗai, fat, har na gani da idona. Baban Asiya ya ce, "Kai! Mi ne ne wanga?"

Likita ya yi murna, ya ce abin da ake nema ke nan, ƙullin ya amsa. Ni kuma bakina ya riga ni. Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ɗago kai a hankali ya waiwaya. Ya gan su tsaye a jikinsa suna ɗan rawa. Ya dube su, ya dube ni. Na san ya ji abin da na ce, kuma na san bai ɗauke shi godiyar samun sauƙi ba. Ya mai da fuskarsa cikin ramin. Haka aka gama, aka zare, aka murza wurin, aka nuna masa yadda zai riƙa miƙe wuya.

Ranar da washegarinta kafaɗar ta yi tsami kamar an doke shi da taɓarya. An riga an gaya mana za ta yi. Bayan nan, wata azahar, ina bayansa ina shimfiɗa sallaya, ya ta da salla, na ga hannun dama ya tashi tare da na hagu har kunne. Na rufe baki da mayafi na yi ta kuka. Da ya sallame na ce, "Ka gani? Ka ga ikon Allah?"

Yana kallon tafin hannun, yana juya shi. Ya ce, "Kin san bijimin sa in an yanka shi an feɗe, naman kan riƙa motsi shi kaɗai bisa tebur? Haka nawa ya yi. Na ji shi." Ya dunƙule hannun. "Ashe nama ne, Saratu. Irin na kowa."

Na ce, "Dukkanmu nama ne, Baban Asiya."

Bai ji ni ba. Kwanaki ya yi yana lissafin inda ya karya sharaɗin maganin. Ko abincin jirgi ne. Ko ƙetare hamada ne, wataƙila ba ya barin ƙasarmu. Ko wani ya yi masa hassada a kasuwa. Duk wanda ya kama sai ya sake shi da kansa. Daga ƙarshe ya miƙo mani hannun hagu, ya baje yatsun a kan gwiwata.

"Waɗanga tabban. Ke kika wanke su. Ƙashi ne ko?"

Na so in ce ƙashi ne. Allah ya sani na so. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma yana kallon cikin idona. Na ce, "Kai ka fi ni sani."

Ya janye hannun. Ya ce, "Shekara da shekaru ina wasa da yatsuna bakin wuƙa, ba komi tsakanina da ita." Can ya ƙara, murya ƙasa ƙasa, "Baba da hannu nai ya dafa man."

Mun ci gaba da zuwa. Ba ya gardama kuma. Zai kwanta kamar ragon da aka ɗaure, a soka, naman ya yi tsalle, a zare. Amma da an buɗe takardar allura sai in ga yatsun ƙafarsa sun naɗe. Zafin ya ragu sosai, ba zan ɓoye alherin mutumin nan ba. Sai dai ya gaya mana gaskiya ta bakin Hajiya Nafisa, cewa allura ƙullin nama take kwancewa, raunin yatsun kuma daga jijiyar wuya yake, yana son motsa jiki da haƙuri mai tsawo, kuma bai yi alkawari ba. In ya koma sara kamar da, ƙullin zai dawo. Guzurinmu ya ƙare, izinin zamanmu ya zo ƙarshe. Ba mu da zaɓi.

Hajiya Nafisa ta raka mu har ƙasan bene. Na ba ta sauran kuka da daddawa. Ta riƙe ƙullin a ƙirji ta ce, "In kin isa, ki taka ƙasa da ƙafa ba takalmi, ki ce Nafisa na gaishe ta." Ta juya ga mijina. "Alhaji, ka yafe mani in na kai ka inda ba ka so." Ya ce, "Ba ki yi komi ba, Hajiya. Allah shi saka." Lambarta na nan a wayata, amma ta daina shiga. Ban san inda take ba.

Talatar farko bayan dawowarmu ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya ɗauki wuƙar mahaifinsa, ya nufi kasuwa. Ni ban je ba, matar Sani ce ta kawo mani labari, ita ma daga mijinta. Mahauta suka taso suna yi masa kirari, Sani ya tashi ya ba shi wurin. Ya ɗaga wuƙar, hannun ya ɗagu lafiya. Ya dafa nama da hagu. Sai ya janye yatsun baya. Ya sake janyewa. Ya sunkuya yana kallon kaifin, yana yanka a hankali kamar mai koyo, bakinsa a rufe. Layi ya taru. Wani tsohon abokin cinikinsa ya ce cikin wasa, "Haba, na Tsibiri, yau kallonta kake? Ko Larabawa sun canza muna kai?" Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Ya ajiye wuƙar ya ce wa Sani, "Ƙarasa." Ya taho gida da ƙafa, rana tsaka.

Bai sake komawa ba. Sani na aiko mana da abin da ya sauwaƙa, Allah ya saka masa, amma yanzu rumfar Sani ake ce mata. Motsa wuyan da aka koya masa ya bari. Zafin ya fara dawowa, na ga ya koma tallabar gwiwar hannu. An ce ana irin wannan allura a manyan garuruwa, na yi masa maganar, ya ce, "Na ga abin da zan gani." 'Yarmu Asiya ta zo daga ɗakinta ta roƙe shi har da kuka, ya ce ta tashi ta koma gidan mijinta kafin magariba.

Yana salla kan lokaci, har ya fi da. Abin da na roƙa an ba ni, babu sauran tauri a zuciyarsa. Na san alheri ne, na san gara haka ranar tsayuwa. Amma in na ɗaga hannu zan yi godiya sai in hango shi a zaure, babban mutum ya ƙanƙance a kan tabarma, sai godiyar ta gagare ni, in koma istigfari. Ban san ko laifi ne ba. Na tambayi malamarmu, ta ce in yi haƙuri.

Shekaranjiya aka aiko da nama daga kasuwa, guda, ba a yanka ba. Tun aurena ban taɓa yanka nama ba, a yanke yake zuwa mani. Na zauna tsakar gida da faranti da wuƙar girki. Ya fito zai yi alwala, ya tsaya a kaina.

"Ba haka ba," ya ce. "Kina bin tsawon nama. Gicciye za ki yi."

Ya sunkuyo, ya miƙo hannun dama, wanda muka kai har Masar. Na juya masa ƙotar. Yatsunsa suka zo dab da ita, suka tsaya. Kaza na tsattsagar ƙasa gefenmu. Sai ya mai da hannun ya ɗauki buta.

Ya kai bakin makewayi ya waiwayo. Ya ce, "Janye yatsanki, Saratu. Tana shiga."